Farar Darma a Filin Red Hollow

Safiyar Lahadi, Sufeto Grady Womack yana tsaye a kicin yana jera soyayyar kaza da lemo a akwatin sanyi, sai wayarsa ta yi ƙara. Ranar hutunsa ce. Tun watan Maris ya roƙi a bar masa ita, don yau ne tseren motoci na ƙarshe a kakar bana.

"Oga, kana ina?" Muryar Saje Yolanda Batts ce.

"Ina shirin tafiya filin tsere. Kome ya faru, nemi wani."

"Ai can ɗin ake nemanka. Ka taho, amma ka bar kazar nan taka a gida. An kashe Virgil mai sikeli."

Grady ya daɗe riƙe da wayar bayan ta katse. Abin kunya, ba mamacin ne ya fara faɗo masa a rai ba. Abin da ya fara cewa a zuciyarsa shi ne, kada dai a fasa tseren yau.

Wanda bai san Odell Maness ba ba zai gane wannan ba. Abokin mahaifin Grady ne, kuma a garejinsa Grady ya koyi riƙe sifana tun kafin ya iya karatu. Shekara talatin da 'yan kai Baba Odell yana zagaya jar ƙasa a mota mai lamba 41, kofin shekara bai taɓa shiga hannunsa ba. Na biyu kuwa ya zo har mutane sun gaji da yi masa jaje. Bana likita ya ce idonsa na hagu ya fara dushewa, wannan kakar ita ce ta ƙarshe. Ikon Allah, sai tsoho ya tashi haiƙan! Ya ci a Georgia, ya ci a Tennessee, injinsa ya fashe a tsakiyar shekara aka ce shi ke nan, ya dawo ya riƙa kama yaran nan ɗaya bayan ɗaya. Grady ya bi kakar kaf. Inda mota za ta kai shi ya je, inda ya yi nisa ya manna kunne a rediyo. Jiya Asabar, a nan gida Red Hollow, Odell ya sake ci. Yau ko na goma ya zo, kofi nasa ne.

Rumfar sikeli tana bakin hanyar da motoci ke bi in sun fito daga da'ira. Duk motar da ta gama tsere sai ta hau sikelin nan, in ta gaza nauyin da doka ta yanke, nasararta ta tashi a banza. Virgil Stancil ne ke riƙe da wurin, kuma babu direban da bai taɓa zaginsa ba. Mutum ne da ba a saye, ba a roƙo, dariya ma sai an yi sa'a.

Yana kwance rub da ciki a gefen sikelin, ƙeyarsa ta lotsa. Takalmansa dumu-dumu da jar laka, ko bushewa ba ta yi ba.

"Mai shara ce ta gan shi," in ji Saje Yolanda. "Likita ya ce bayan wayewar gari ne. Duka ɗaya, da abu mai nauyi mai kusurwa. Mun birkice rumfar, ba mu ga abin ba."

Grady ya durƙusa. Cikin furfurar mamacin, a bakin raunin, akwai wani ɓarɓashi fari. Ya sa tsinke ya ɗago ɗaya ya duba a haske.

"Fenti ne. Sa a leda."

Mista Purvis mai filin yana tsaye a ƙofa yana sharce gumi da hularsa.

"Grady, Allah ya sani ina cikin baƙin ciki. Amma mutane sun fara cika benci. Masu babura za su fara da azahar, motoci da la'asar. Me zan ce musu?"

"Ka ce musu su jira. Me ya fito da Virgil da sassafe?"

"Al'adarsa ce. Duk safiyar da ta biyo bayan tsere sai ya zagaya da'irar a ƙafa, yana tsintar abin da ya faɗo daga motoci."

"Wa ke jin haushinsa?"

"Tambaye ni wanda ba ya ji, ya fi saurin lissafi. Amma wanda ya ce zai fasa masa kai a gaban jama'a mutum ɗaya ne, Colby Renfro."

Grady ya ji wani sanyi ya ratsa masa zuciya, ya kuma ji haushin kansa da jin sanyin. Colby ne ke bin Baba Odell a maki.

Colby ɗan mai kamfanin sayar da motoci ne, bai wuce ashirin da uku ba. Tirela biyu gare shi, kanikawansa har riga iri ɗaya suke sawa. A watan Yuni Virgil ya ƙwace masa nasara saboda rashin cikar nauyi, shi ne ya yi wancan alwashin. Sun same shi a kishingiɗe kan kujera da baƙin tabarau, ko miƙewa bai yi ba.

"Yau da asuba kana ina?" Grady ya tambaya.

"A otal. Ina barci kamar kowane ɗan Adam."

"Mai gadin ƙofa ya ce motarka ta shigo filin nan tun gari bai gama wayewa ba," in ji Saje.

"Au, haka ne fa. Waya na manta, na zo ɗauka."

"Wayar da ka kira budurwarka da ita jiya bayan tsere?"

Saje shaci-faɗi kawai ta yi, ba ta san ya kira kowa ba. Amma Colby ya cire tabarau, ya fara lasar leɓe.

Grady kuwa hancinsa yake bi. Ya zagaya bayan tirela, ya yaye wani tamfol. Tayoyi huɗu ne a naɗe cikin leda, wari ya buge shi har sai da ya kau da kai. Maganin tausasa roba ne, wanda aka haramta tun Grady yana saurayi.

"Wannan ce wayar?"

Colby ya miƙe zumbur. "Yallaɓai, wannan satar tsere ce, ba kisa ba! Eh, na zo shafa wa taya magani. Wa zan je nema, Virgil? Ni da nake ɓoye masa? Da na hango shi ma a ƙarƙashin tirela na kwanta."

"Ka hango shi ina?"

"Yana tahowa daga kwana ta uku ta da'ira. Ya rungumo wani abu da hannu biyu, yana tafe yana nishi. Ya nufi rumfarsa."

"Mene ne abin?"

"Ina na sani? Ina kwance a ƙasa ina addu'a." Ya maida tabarau, bakinsa ya dawo. "Tun da tambayoyi kake so, ka je ka tambayi Baban naka Odell. Jiya da ya ci, me ya sa ya karkata ya bi ta cikin caɓi kafin ya hau sikeli? Motar ta kwaso laka har ba a ganin lamba."

"Kowa na yin haka."

"Eh. Duk mai tsoron sikeli na yi, laka ai nauyi ce."

Grady ya so ya kwaɗa masa mari. Sai ya ce da Saje ta sa a kwashe tayoyin, ya juya ya tafi.

Suka shiga da'ira a ƙafa. Motar ruwa ta riga ta fara yayyafi, ƙasar tana kama takalmi. A kwana ta uku Grady ya bi katangar siminti a hankali yana shafawa da hannu. Can ƙasa-ƙasa ya ga inda wani abu ya daki simintin ya gutsure shi, ya bar farin zane. Ya tona lakar wurin da ƙafa, sai ga guntun noti mai kauri, ya karye a tsakiya.

Ya tsuguna riƙe da shi, bai miƙe ba.

"Oga, ni fa ba 'yar filin nan ba ce," in ji Saje. "Ranar Lahadi coci nake zuwa. Yi mini bayani."

"Notin ɗaure darma ne. Ana narka ta a yi ta kamar tubali, a ɗaure a ƙarƙashin mota don ta cika nauyi. Ɗaya ta kai nauyin batirin mota. Doka ta ce dole a shafa mata farin fenti, a rubuta lambar motar a jiki."

"Saboda me?"

"Saboda in ta faɗo ana gudu ta shiga tagar direban da ke baya, sai dai gawarsa. Shi ya sa duk wanda darmarsa ta faɗi, an share makinsa na wannan tseren. Ba roƙo, ba ƙara."

"Ke nan Virgil ya tsinci darmar wani, da lambar mai ita a jiki."

"Mai ita kuma ya zo karɓar kayansa."

Saje ta dubi tafkin da ke bayan katanga, inda motar ruwa ke ɗiba. "To tana cikin can. Bari in kira masu nutso."

"Ba ta can. Da ɓarawon gari ne, eh. Ɗan tsere ba ya zubar da darma. In babu ita motarsa ba ta cika nauyi ba, ba ta shiga tseren yau. Tana nan a ƙarƙashin wata mota cikin filin nan."

Bai gaya mata sauran abin da ke cin ransa ba. A cikin duk direbobin nan, mutum biyu kaɗai ne makin jiya ya dama. In na Colby aka share, ba komai. In na Baba Odell ne, Colby ya wuce gaba da tazarar da ba a kamowa a tsere ɗaya.

Rumfar 41 tana can ƙarshen layi, tsohuwar bas ce da tamfol a gefe. Babu kanikawa masu riga iri ɗaya, Nadine ce kawai, matar Odell. Ita ce ke kwance injin ta haɗa, ita ke walda, ita ke tuƙa bas ɗin daga jiha zuwa jiha yayin da mijin ke barci a baya. Ba su haihu ba. Lokacin da mahaifiyar Grady ta rasu, a gidansu ya yi ta cin abinci har ya gama sakandare.

"Ga ɗana, ga ɗana," ta ce. "Dube ka, ko karyawa ba ka yi ba. Zauna."

Ta zuba masa shayi mai ƙanƙara ta miƙo. Odell yana kan kujera ya ɗaga kai sama yana ɗiga magani a ido.

"Baba, ka ji abin da ya faru?"

"Na ji. Allah ya jiƙan Virgil, mutum ne mai taurin kai. Za a dai yi tseren ko?"

"Ban sani ba tukuna."

"Ka sani mana, ba kai ne hukuma ba? Ka ce wa Purvis ya rage ruwan nan, zai maida da'irar kunu."

Grady ya juya ga Nadine. "Anti, kin ga Virgil yau?"

"Ni? Ai ban tashi ba sai da rana ta take."

"Ke da na farka na lalubi gado ban ji ki ba?" in ji Odell, idonsa a rufe.

"Bayi na je. Shi ma sai na nemi izininka?"

"Motar fa, an yi mata wani aiki yau?" Grady ya tambaya.

"Tun jiya da na wanke ta ban sake taɓa ta ba. Lafiyarta ƙalau, me zan taɓa?"

Ta miƙo hannu ta karɓi kofin shayin. Nan Grady ya ga hannun. Tun yana yaro ya san hannun Anti Nadine da baƙin mai a ƙarƙashin farce, ko ranar Kirsimeti haka yake. Yau faratan fes suke, fatar ta yi ja don dirza, tana ƙanshin fetur.

Ya yi godiya, ya miƙe.

Da azahar, an ƙyale babura sun fara kuka a da'ira, Grady ya sa Purvis ya yi shela a lasifika: kowace mota a ɗaga ta a jak, 'yan sanda za su duba darma. Direbobi suka tafi taronsu na kafin tsere suna ƙunƙuni. Grady ya tuɓe kwat, ya ari fitila.

Da motar Colby ya fara, kuma Allah ya sani ya daɗe a ƙarƙashinta fiye da kima. Ya girgiza kowace darma, ya haska kowane noti, yana neman abin da ya san babu. Duk suna nan, sun sha duka, fentin ya koɗe ya yi ja da ƙurar shekara guda. Haka ta gaba, haka ta gabanta. Rigarsa ta jiƙe da gumi da laka. Ya yi ta jan ƙafa, amma layi ya ƙare, sai 41 ta rage.

Nadine da kanta ta ɗaga masa motar. Ta shimfiɗa masa kwali don kada bayansa ya ɓaci.

Ya shige ya kunna fitila. Darma huɗu ne. Uku sun koɗe kamar na kowa. Ta huɗun, wadda ke hagu ta baya, fara ce tas kamar nono, lambar 41 a jiki baƙa wuluk, da sababbin notuna biyu suna ƙyalli. Ya ɗora babban yatsa a kai ya danna. Da ya ɗago, fentin ya biyo yatsan.

Kai, jama'a! Grady ya kwanta a nan yana kallon yatsansa. Babu wanda ya gani. Ya goge a wando, ya fito ya ce babu komai, a bari la'asar ta yi, tsoho ya ɗauki kofinsa. Gobe ma rana ce, sai a kira masu nutso su yi ta lalube a tafki. Ya yi wannan tunanin har ƙarshe, bai ɓoye wa kansa ba. Sai ya tuna takalman Virgil da ɗanyar laka.

"Oga, barci ya ɗauke ka ne?" Saje ta ce daga waje.

Ya fito a hankali, hannunsa a dunƙule. Nadine ba fuskarsa take kallo ba, hannun take kallo. Ya buɗe.

"Anti, kin ce ba ki taɓa ta ba."

"Fentin ne ya koɗe, na ɗan gyara. Ka san ni da mantuwa."

"Notunan ma koɗewa suka yi?" Ya ciro guntun notin da ya tsinta ya ajiye a kan motar. "A kwana ta uku na same shi. Za a kai darmar nan ɗakin gwaji. Fetur na wanke jini a ido, amma ba ya fitar da shi daga ramin noti. In ba ke ba ce, to Baba ne, sai in je in ɗauko shi daga taro."

"Odell?" Ta yi wata 'yar dariya. "Rabon Odell da shiga ƙarƙashin mota tun kana makaranta. Bar shi."

Ta zauna a kan taya, ta haɗa hannayenta a cinya.

"Jiya ina wanke ta na ga gurbin. Na ce in yi sammako in nemo kafin Virgil. Ya riga ni. Na bi shi rumfa, na same shi ya ajiye ta a kan tebur, ga lambarmu tana kallona. Na roƙe shi, Grady. Ni da ban taɓa roƙon kowa ba, har ƙasa na durƙusa. Na ce ba ta taɓa kowa ba, babu wanda ya gani. Na ce mutumin nan makancewa zai yi, ka bar masa wannan ɗaya. Ya ce, 'Nadine, a bikinku na ci abinci, amma na tsinta, kuma zan faɗa.' Ya juya zai ɗauki waya."

"Sai kika ɗauki darmar."

"Ni na narka ta, na san inda ake kama ta." Ta shafa furfurarta. "Gashin kaina a garejin nan ya yi fari. Ban yi gida ba, ban yi 'ya'ya ba, ko teku ban taɓa gani ba sai ta tagar bas. Kofin nan nawa ne kamar yadda yake nasa."

Saje Yolanda ta kasa haƙuri. "Amma Mama, fentin fa? Da kin shafa mata laka, da babu wanda zai gane."

"Da na wanke ta fentin ya fita. Ba a ɗaura darma babu fenti. Virgil ba zai bar ta ta shiga da'ira ba."

"Anti," Grady ya ce, "wa zai duba?"

Da alama sai yanzu ya zo wa Nadine cewa babu Virgil ɗin da zai duba. Ta dubi fararen faratanta ta daɗe.

"Ka yi mini abu ɗaya," ta ce. "Ka bari ya yi tseren. Kada ka gaya masa sai an sauke tutar gama tsere. Zan zauna a nan, ba inda za ni."

"Darmar shaida ce. Dole in cire."

"In ka cire ba ta cika nauyi."

"Na sani."

Saje ta karɓi sifana ta shiga ƙarƙashin motar. Tana fitowa da darmar a cikin leda, taron direbobi ya tashi. Odell ya taho cikin rigar tsere, hular kwano a hammata, Purvis da wasu direbobi a bayansa.

"Kai, kai! Me kuke yi wa motata?"

Grady ya gaya masa. Bai yi kwana-kwana ba, a gaban kowa ya faɗa.

"Baba, ka san darmar ta faɗi jiya?"

"Na ji a sitiyari."

"Shi ya sa ka bi ta caɓi."

"Kowa na yi."

"Yau da ka ga ta dawo, ga Virgil a kwance, ba ka tambayi yadda aka yi ba?"

"Ni direba ne. Aikin mota nata ne."

Ya dubi matarsa, ita ma tana dubansa. Grady ya jira. Ya ɗauka tsohon zai faɗi, ko ya yi ihu, ko ya jefar da hular ya rungume ta. Odell ya ɗauke kai ya juya ga Purvis.

"Makin jiya fa? An share?"

Purvis ya yi ta murza hula. "To... doka ta ce mai sikeli ne kaɗai ke sharewa, kuma kafin a fara tsere na gaba. Mai sikelin kuma..." Bai ƙarasa ba.

Odell ya sunkuya ya leƙa gurbin da ke ƙarƙashin motar. Ya miƙe, ya dubi direbobin da suka kewaye shi da idonsa mai kyau.

"Wa ke da darmar aro?"

Can wani ya ce daga baya, "Akwai ɗaya a tirelata," har ya ruga ɗaukowa. Tir! Grady ya san mutanen nan tun yana yaro, yana sonsu, kuma a wannan lokacin ya tsane su gaba ɗaya, ya haɗa da kansa.

Saje ta sa wa Nadine ankwa ta gaba, a hankali. Suka bi layin rumfuna da ita, mutane na darewa. Ba ta yi kuka ba. Sai da suka kai motar 'yan sanda ta waiga. Odell yana can ya ba su baya, yana nuna wa wasu samari biyu inda za su ɗaura.

"Grady, koma ka gaya musu noti biyu ne, su sa waya a kai. Waɗancan ba su iya ba."

"Shiga mota, Anti."

Suna fita ƙofar filin lasifika na cewa jama'a su miƙe a yi shiru don girmama Virgil Stancil. Shirun bai daɗe ba. Injuna suka tashi gaba ɗaya, har gilashin motar yana karkarwa. Grady ya hau titi, ya taka.

"Kunna rediyo, ɗana," Nadine ta ce daga baya.

Ya yi kamar bai ji ba. Saje ta dube shi, ta miƙa hannu ta kunna.

Mai sharhi yana ta ihu. An ɗaga tuta, Colby Renfro ya fita gaba, 41 tana ta shida, ta wuce ɗaya a kwana ta biyu, ga ta ta biyar, jama'a sun miƙe tsaye. Grady ya damƙe sitiyari, idonsa ya cika. Tun yana yaro yake jiran wannan la'asar, ga ta ta zo, shi kuma yana roƙon Allah da gaske ya fasa injin nan, ko taya ta fashe, kome dai, kada mutumin nan ya taɓa kofin.

A kujerar baya Nadine ta matso har goshinta ya taɓa ragar ƙarfen da ke tsakaninsu. Ankwa na ƙara a hannunta, idonta a rufe.

"Bi ta ƙasa, Odell," take raɗa. "Ta ƙasa, tsoho. Yauwa. Taka mai."